Derald Wing Sue da Tarihin Ilimin Shawara a Amurka: Harshe, Al'ada da Adalci

1. Gabatarwa

Ilimin shawara reshe ne na ilimin halin ɗan Adam. Aikin masu wannan fanni shi ne zama da mutumin da wani al'amari ya dame shi, ko na karatu, ko na zaɓen sana'a, ko na zaman iyali, ko na ƙuncin zuciya, su saurare shi, su taimake shi ya samo wa kansa mafita. Likita yana da allura da ƙwaya, amma mashawarci magana ce kayan aikinsa. Saboda haka duk abin da ya shafi harshe ya shafe shi tun daga tushe.

A cikin wannan maƙala za mu bi tarihin wannan fanni a ƙasar Amurka ta hanyar rayuwar aikin malamin jami'a guda ɗaya, watau Derald Wing Sue, wanda ya shafe shekaru fiye da hamsin yana koyarwa da rubutu a kan yadda fannin ya riƙa tauye ƴan tsirarun ƙabilu. Za mu fara da yadda fannin ya samo asali, sannan mu duba aikin Sue da abokansa, da sukar da aka yi masa, daga ƙarshe mu tsamo abin da ya shafi masu binciken harshe da masu tsara yaƙi da jahilci.

2. Asalin fannin

Galibin masu tarihin fannin suna ɗora mafarinsa a kan Frank Parsons, wanda ya buɗe ofishin shawarar sana'a a birnin Boston a 1908, a cikin wata unguwa ta baƙin haure matalauta. Littafinsa a kan zaɓen sana'a ya fito a 1909, bayan rasuwarsa. Manufar Parsons ita ce ɗan talaka ya san baiwarsa, ya san sana'o'in da ke akwai, ya daidaita tsakaninsu, domin kada ya faɗa aikin ƙarfi tun yana yaro don rashin mai nuna masa hanya. Ke nan da neman adalci fannin ya fara.

Ba a daɗe ba sai jarrabawar auna hazaƙa ta shigo, ta sauya alƙiblar aikin. A 1917 da 1918, lokacin yaƙin duniya na farko, rundunar sojan Amurka ta auna mutane wajen miliyan 1.7 da jarrabawa iri biyu: ɗaya ta rubutu don masu iya karatun Ingilishi, ɗaya ta zane-zane don waɗanda ba su iya ba. A 1923 Carl Brigham ya wallafa nazarin sakamakon. Alƙaluman sun nuna cewa baƙon da ya daɗe a Amurka ya fi sabon zuwa samun maki. Fassarar da ta fi kusa ita ce daɗewar ta koya masa harshe da al'adar masu jarrabawar, amma Brigham ya ce sababbin baƙin ne suka fito daga jinsi mai ƙarancin basira. A 1930 ya janye wannan magana da kansa, sai dai kafin nan ta riga ta bazu cikin makarantu.

A farkon shekarun 1930 George Sanchez, malami daga jihar Niu Meziko, ya nuna cewa makin yara masu jin Sifaniyanci yana ƙaruwa idan suka ƙara ƙwarewa a Ingilishi, watau harshen ake aunawa ana kiransa hazaƙa. Ba a saurare shi sosai ba a lokacin.

A 1942 Carl Rogers ya fito da wata hanya wadda ta ba mai neman shawara ragamar hira: shi ke magana, shi ke bayyana abin da ke zuciyarsa, mashawarci yana saurare yana maido masa da abin da ya ji. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ta zuba kuɗi wajen horar da masu ba tsofaffin sojoji shawara. A 1946 ƙungiyar masana halin ɗan Adam ta Amurka ta keɓe wa fannin sashe na 17, a farkon shekarun 1950 kuma sashen ya ɗauki sunan ilimin shawara. Tun a 1962 Gilbert Wrenn, ɗaya daga cikin dattawan fannin, ya yi gargaɗi cewa mashawarci yakan kulle kansa cikin al'adarsa, har ya ɗauka abin da ya saba da shi shi ne halin ɗan Adam baki ɗaya. Wannan shi ne halin da Sue ya tarar.

3. Tasowar Sue da farkon aikinsa

An haifi Derald Wing Sue a 1942 a birnin Portland na jihar Oregon, a gidan ƴan asalin ƙasar Sin. A shekarar da aka haife shi dokar 1882 wadda ta hana leburorin Sin shiga Amurka tana nan da ƙarfinta. Sai a 1943 aka soke ta. Ya tashi a unguwar da galibin mazaunanta fararen fata ne, kuma ya sha faɗin irin tsangwamar da ya gani yana yaro saboda kamanninsa. Ƴan'uwansa biyu, David da Stanley, su ma sun zama masana halin ɗan Adam, kuma ya yi rubutu tare da kowannensu.

Ya sami digirin dakta a ilimin shawara daga Jami'ar Oregon a 1969, ya fara aiki a cibiyar ba ɗalibai shawara ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Zamanin kuwa na tada jijiyar wuya ne. A 1968 masana baƙar fata suka kafa ƙungiyarsu a birnin San Faransisko, suna zargin uwar ƙungiyar da yin biris da matsalolin jama'arsu. A 1968 da 1969 ɗalibai ƴan tsiraru suka yi yajin karatu a San Faransisko da Berkeley, suna neman a koyar da tarihinsu da al'adunsu. A 1972 Derald da Stanley Sue tare da wasu abokansu suka kafa ƙungiyar masana halin ɗan Adam ƴan asalin Asiya, Derald ne kuma shugabanta na farko.

Abin da ya fara jan hankalinsa shi ne wani zato da ya yaɗu a lokacin, cewa ƴan asalin Asiya ba su da damuwa, tun da yake suna cin jarrabawa kuma ba a cika ganinsu a wuraren shawara ba. Shi da Stanley suka nuna tun a 1971 cewa rashin zuwa bai zama hujjar rashin ciwo ba. Mutumin da aka tarbiyyantar a kan cewa tona asirin gida ga baƙo abin kunya ne, ba zai je ba sai tura ta kai bango. Idan ma ya je, sau da yawa da batun karatu ko ciwon jiki zai fara, ya bar ainihin damuwar a ciki.

A waɗannan shekaru batun harshe ya kai gaban kotu. A 1970 aka yi shari'ar da ake kira ta Diana a Kalifoniya, a madadin yara tara ƴan asalin Meziko waɗanda aka jefa ajin masu taɓin ƙwaƙwalwa bisa jarrabawar da aka yi musu da Ingilishi. Da aka sake auna su da Sifaniyanci, galibinsu suka wuce iyakar da aka gindaya, aka kuma daidaita a kan cewa a riƙa auna yaro da harshen gidansu. A 1974, a shari'ar Lau, kotun ƙoli ta Amurka ta yanke cewa hukumar makarantun San Faransisko ta tauye yara wajen 1,800 ƴan asalin Sin da ta zaunar a aji ba tare da taimakon harshe ba. Hujjar kotun ita ce ba wa yara littafi ɗaya da malami ɗaya bai isa daidaito ba idan wasunsu ba su jin abin da ake faɗa.

4. Shingaye uku

Shekarar 1977 ta kawo rubuce-rubuce biyu masu muhimmanci. Stanley Sue ya wallafa nazarin takardun mutane fiye da 13,000 da suka je cibiyoyi 17 na lafiyar ƙwaƙwalwa a yankin Siyatil. Ya gano cewa wajen rabin ƴan tsiraru ba su komawa bayan zaman farko, alhali a cikin fararen fata kusan kashi 30 cikin ɗari ne ke yin haka. A shekarar kuma Derald da David Sue suka wallafa maƙala suna neman dalili, suka kasa shingayen gida uku.

Na farko shingen harshe. Ana gudanar da hirar da daidaitaccen Ingilishi, ana kuma auna mutum da yawan maganarsa da tsarinta. Wanda Ingilishi harshensa na biyu ne, ko mai wani karin harshe da ake rainawa, sai ya riƙa ba da gajerun amsoshi, mashawarci kuwa ya rubuta cewa ba shi da haɗin kai, ko basirarsa kaɗan ce.

Na biyu shingen matsayi. Tsarin zaman minti 50 sau ɗaya a mako, da tonon abin da ya wuce, da shirin shekaru masu zuwa, ya dace da mai albashi. Wanda ke neman kuɗin haya ko aikin yi yana son shawara ta yanzu-yanzu, idan bai samu ba sai ya ga ɓata lokaci ne.

Na uku shingen al'ada. Fannin ya ɗauka cewa lafiyayyen mutum shi ne mai tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai, mai faɗin abin da ke zuciyarsa a fili, mai kallon abokin magana ido cikin ido. A al'adu da yawa kuwa iyali ke gaba da mutum, shiru gaban babba ladabi ne, sunkuyar da kai girmamawa ne. Ta haka tarbiyya take komawa alamar cuta a cikin takardar mashawarci.

Sue ya faɗaɗa wannan bayani a littafinsa na 1981 a kan ba da shawara ga mutanen da al'adarsu ta bambanta. An sake buga shi sau da yawa, David ya shigo cikin rubutunsa daga bugu na biyu a 1990, ya kuma zama ɗaya daga cikin littattafan da aka fi koyarwa da su a wannan fage.

5. Daga suka zuwa ƙa'ida

Sue ya lura cewa suka kaɗai ba ta sauya abin da ake koyarwa a jami'o'i. Sai an mai da ita sharaɗin horo. A 1982 ya jagoranci wani kwamiti na sashe na 17 wanda ya fitar da ƙwarewa 11 da ya kamata mashawarci ya mallaka, a ƙarƙashin kanu uku: sanin kai, watau gane zato da son zuciyar da mutum ya gada, sanin tarihi da al'adar mai neman shawara, da iya zaɓen dabarar da ta dace da shi. A 1992, tare da Patricia Arredondo da Roderick McDavis, ya faɗaɗa su zuwa 31. Daga cikinsu akwai cewa mashawarci ya ɗauki jin harshe biyu a matsayin baiwa, ya kuma ɗauki nauyin ganin an yi hira da harshen da mai neman shawara ya zaɓa, ko ta hanyar tafinta wanda ya san aikin, ko ta miƙa shi ga mashawarci mai jin harshen.

Karɓuwar ta zo da jinkiri. Sai a 2002, shekara ashirin bayan rahoton farko, uwar ƙungiyar masana ta amince da ƙa'idojinta na aiki tsakanin al'adu. Kafin nan, a 1999, Sue yana cikin waɗanda suka kafa babban taron ƙasa a kan wannan batu, tun kafin wannan shekara kuma ya riga ya ba da bayani gaban kwamitin da Shugaba Clinton ya kafa a kan launin fata. A farkon shekarun 2000 ya koma kwalejin horon malamai ta Jami'ar Kolumbiya a birnin Niu Yok.

A wannan zango ne maganar adalci ta fito fili. A 2003 Elizabeth Vera da Suzette Speight suka rubuta cewa gyaran hirar cikin ɗaki bai wadatar ba: idan abin da ke damun mutum daga dokar makaranta ko ta wurin aiki ya fito, koya masa haƙuri kaɗai taimakon zalunci ne, dole mashawarci ya fita ya nemi gyaran dokar. Sue ma ya tsaya a kan haka, yana cewa aikin yana da matakai, daga mutum ɗaya zuwa ma'aikata zuwa al'umma. A 2015 ƙungiyar mashawarta ta Amurka ta amince da sabon tsarin ƙwarewa wanda ya sa kalmar adalci a cikin sunansa, a 2021 kuma uwar ƙungiyar masana halin ɗan Adam ta nemi gafara a hukumance a kan rawar da ta taka wajen ɗaure wa wariyar launin fata gindi.

6. Ƙananan cin fuska da muhawarar da ta biyo baya

Aikin Sue da ya fi shahara a wajen jami'a shi ne maƙalar 2007 da ya rubuta tare da ɗalibansa, da littafin 2010 da ya biyo ta, a kan abin da za mu kira ƙananan cin fuska. Chester Pierce, likitan ƙwaƙwalwa baƙar fata na Jami'ar Harvard, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1970. Sue ya kasa ta uku: cin fuska na ganganci, maganar da ke ɗauke da raini ko da mai yin ta bai nufa ba, da maganar da ke ƙaryata abin da mutum ya gani da idonsa. Misalin da ya sha kawowa na harshe ne: a yaba wa ɗan asalin Asiya da aka haifa a Amurka cewa ya iya Ingilishi, watau a tuna masa ana yi masa kallon baƙo a ƙasar haihuwarsa. Hujjarsa ita ce kowane ɗaya ƙarami ne, amma taruwarsu shekara da shekaru tana nauyi.

Wannan aiki bai tsira daga suka ba. Tun kafin nan C. H. Patterson ya ce girmamawa da sauraro na gaskiya sun isa kowace al'ada, kuma koya wa ɗalibi halayen ƙabila kaza yana iya sa ya daina ganin mutumin da ke gabansa, ya riƙa ganin ƙabilar. A 2017 Scott Lilienfeld ya soki binciken ƙananan cin fuska, yana cewa ma'anar kalmar ba ta da iyaka bayyananniya, galibin hujjojin kuma daga bakin waɗanda abin ya shafa kaɗai aka samo su, ya nemi a dakata da horon da ake ginawa a kansu. Sue ya amsa cewa abin da mutane suka ɗanɗana shi ma hujja ce, kuma wanda bai ji zafin ba shi ya fi sauƙin cewa a jira.

A ganinmu akwai gaskiya a sukar Patterson, kuma bugun littafin na baya sun ƙara jan kunne a kan haka. Sai dai ɓangaren harshe ya sami goyon baya mai ƙarfi. A 2006 Derek Griner da Timothy Smith suka tattara bincike 76 a kan shawarar da aka daidaita da al'ada, suka ga tana da amfani matsakaici, suka kuma ga wadda aka yi da harshen uwa ta ninka wadda aka yi da Ingilishi tasiri ga waɗanda Ingilishi ba harshensu na farko ba ne.

7. Abin lura ga masu binciken harshe

Tarihin nan na Amurka ne, kuma yanayinmu dabam yake: can ƴan tsiraru ne ke fama da harshen masu rinjaye, a nan kuwa mafi yawan jama'a ne suka daɗe suna fuskantar makaranta da ofis da harshen da ba su tashi da shi ba. Duk da haka akwai abubuwa uku da suka shafe mu kai tsaye.

Na ɗaya, aunawa. Yaron da ya tashi da Hausa ko Zarma ko Fulfulde ko Kanuri ko Tamajak, aka yi masa jarrabawa da Faransanci, makinsa gauraye ne na abin da ya sani da abin da ya iya faɗa. Wannan yana cikin dalilan buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973. Labarin Brigham da na shari'ar Diana sun nuna cewa idan ba a raba biyun ba, hukuncin da ake yanke wa yaro yana bin sa har girma. Haka yake ga manyan da ke ajin yaƙi da jahilci idan aka zo tantance su.

Na biyu, fassarar hali. Kunya da kara da kawaici da zurfin ciki halaye ne na yabo a wurin Bahaushe. Nazarin Kirk-Greene na 1974 a kan mutumin kirki ya lissafa kunya da haƙuri da ladabi cikin ginshiƙan. Matar da ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, da saurayin da ya sunkuyar da kai gaban malami, duk suna bin tarbiyya ne. Takardar tambayoyin da aka fassaro daga waje tana iya ƙirga su cikin masu tsoro ko masu ɓoye gaskiya. Kafin a fassara irin wannan takarda, wajibi ne a binciki ko abin da take aunawa yana da ma'ana ɗaya a nan.

Na uku, ƙirƙirar kalmomi. Hausa tana da shawara da nasiha da gargaɗi da lallashi, kowace da matsayin mai yin ta: nasiha daga sama take saukowa, shawara kuwa ana yin ta tsakanin mutane, shi ya sa muka zaɓe ta a nan. Tana da damuwa da baƙin ciki da ɓacin rai da ƙunci da fargaba, waɗanda iyakokinsu ba su faɗa daidai kan na kalmomin Faransanci ko Ingilishi ba. Tana da habaici da shaguɓe da gugar zana, amma dukkansu da niyya ake yin su, alhali abin da Sue ya fi nanatawa shi ne rainin da ke fita ba da niyya ba. Don haka ba mu yi amfani da su ba. Aikin da ke gaban kwamitocin kalmomi shi ne tattara waɗannan kalmomi daga bakin masu harshen a Maraɗi da Damagaram da Tawa da sauran yankuna, a tantance ma'anarsu da bambancin kari, kafin a sa su cikin littattafan horon malamai da ma'aikatan lafiya.

8. Kammalawa

Daga ofishin Parsons na 1908 zuwa neman gafarar 2021, fannin shawara ya yi ta kai da komo tsakanin taimakon marar ƙarfi da auna shi da mudun wani. Gudummawar Sue ita ce ya ɗauki ƙorafin da ake yi a bakin titi da harabar jami'a, ya mai da shi bincike, sannan littafin koyarwa, sannan sharaɗin da ake horar da mashawarta a kansa. Wasu sassan aikinsa har yanzu ana gardama a kansu, musamman batun ƙananan cin fuska. Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne sashen da ya shafi harshe, watau mutum ya fi amfana idan aka saurare shi da harshen da yake tunani da shi. Muna fata masu bincike za su ɗauki batun kalmomin halin ɗan Adam a Hausa da sauran harsunan ƙasa a matsayin fage mai zaman kansa, su kuma haɗa hannu da masu tsara jarrabawa da masu horar da malamai tun daga matakin farko.